Bayanin Yoyon Mai a Gwiwar Motocin Daji na Ƙasar Yauri

Wannan bayani ne zuwa ga malamai da fatake da sauran masu abin hannu na ƙasar Yauri, musamman mutanen Warra da Ngaski da Shanga da garuruwan bakin tafkin Kainji, a kan wata cuta da ke kama motocin da ke ja da ƙafa huɗu, watau yoyon mai ko giris daga bayan tayar gaba. Cuta ce da ake rainawa, domin ranar da ta soma mota ba ta fasa tafiya. Amma ita ce ke cin birki a ɓoye, ta sassauta sitiyari, har ranar da za ta tsayar da lodin kifi ko na albasa a tsakiyar daji, nesa da bakanike, nesa da kasuwa. Wanda ya zuba jarinsa a mota ba lalle ne ya iya riƙe sifana ba, amma ya kamata ya san alamun abin da ke damun dukiyarsa, don kada a sayar masa da magani uku a kan ciwo ɗaya.

Mai karatu ya sani an soma ginin madatsar Kainji bisa kogin Kwara a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kilomita 130 da wani abu. Ya cinye tsohuwar Bussa da gungu-gungu masu yawa, aka tayar da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Tun daga nan bakin ruwa bai zauna wuri guda ba. Ambaliya biyu ke shigowa kowace shekara: farin ruwa na damina mai ɗauke da laka, da baƙin ruwa wanda ke tasowa daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali, ya iso da sanyin hunturu. Bayan haka tafki ya yi ta ja da baya tun daga rani har cikin damina, zurfinsa ya ragu da wajen mita 10, ya bar fili mai faɗi na taɓo da rairayi. A wannan fili Gungawa da Kambari suke noma, a ƙarshensa kuma Sarkawa da sauran masunta suke ɗaure jirage. Motar da za ta ɗauko giwan ruwa da ƙarfasa da tarwaɗa da buhunan warangi, tilas ta ratsa shi. To, laka mai haɗe da yashi ita ce babbar abokiyar gabar abin da za a yi magana a kansa.

Ga yadda abin yake. Motar da ke ja da ƙafa huɗu, tayarta ta gaba tana aiki biyu a lokaci guda: tana karɓar ƙarfin inji, tana kuma juyawa dama da hagun bisa umurnin sitiyari. Don haka maƙera suka sa wata gaɓa a kowane ƙarshen aksul, inda sandar da ke kawo ƙarfi take lanƙwasa ba tare da ta daina juyi ba. Suka rufe gaɓar cikin wani ƙwallon ƙarfe mai rami, girmansa kamar ƙaramar ƙwarya, sa'an nan suka kife masa wani ƙoƙo wanda taya ke ɗaure a jikinsa. Ƙoƙon yana juyawa bisa ƙusoshi biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kamar yadda ƙyaure ke juyawa a bakin ƙofa. A bayansa akwai zoben roba, wanda makanikai ke kira sil, yana shafar jikin ƙwallon duk sa'ad da aka murza sitiyari, ya tsare mai a ciki, ya tsare ƙasa a waje. Wannan duka shi za a kira gwiwa a cikin wannan bayani, domin ya yi kama da ita ƙwarai.

Ba kowace mota ke da irin wannan gwiwa ba. Land Rover, wadda kamfanin Rover na Ingila ya fito da ita a 1948, ita ce mutanen dā suka fi saninta da ita, zamanin da take motar Di'o da En'e da malaman dabbobi. An ci gaba da ƙera irinta, da sunan Defender tun 1990, har zuwa Janairun 2016. Land Cruiser ta kamfanin Toyota na Japan, wadda ta sami wannan suna a 1954, ita ma haka gabanta yake a tsofaffin samfura da kuma samfurin 70 wanda aka soma a 1984, haka kuma tsofaffin Hilux. Sababbin Hilux kuwa ba su da ƙwallo, jakar roba ce mai kamar zuga-zugi ke rufe gaɓarsu, maganarsu dabam ce.

Tsakanin motocin nan biyu akwai bambancin da ya wajaba a riƙe, domin a kansa ake yawan ruɗewa. A tsohuwar Land Rover man giya mai lamba 90 ake zubawa a gwiwa, wajen rabin lita, akwai noti na zubawa da na tsiyayewa, ƙwallon kuma an yi masa farin ruwan ƙarfe mai ƙyalli kamar madubi, ana iya kwance shi a sa sabo. A shekarun 1990 kamfanin ya koma ga wani giris mai ruwa-ruwa da ake zubawa sau ɗaya. Land Cruiser kuwa tun asali giris mai kauri ake cusa mata, mai launin kwalli, ba a cika ƙoƙon har baki, ƙwallonta kuma haɗe yake da aksul, ba ya kwantuwa. Abin da ke shafarsa roba ce da tsumman ulu, ba a yi su don su riƙe abu mai ruwa ba. Saboda haka ɗan maiƙo bisa ƙwallon Land Cruiser ba ciwo ba ne, alamar lafiya ce. Ƙwallon da ya bushe ƙayau shi ya kamata a ji wa tsoro, domin sau da yawa ba wai ya daina yoyo ba ne, abin yoyon ne ya ƙare.

Abin da aka saba gani shi ne, mai mota ya hangi baƙin maiƙo ya ɓata cikin taya, ya kai gareji, bakanike ya leƙa ya ce, "Alhaji, sil ne." A sayo sil, a ɗaura, a biya. Kasuwa biyu ko uku, yoyo ya dawo, a ce sil ɗin jabu ne. Wani lokaci jabun ne da gaske, domin kasuwar kayan gyara ba ta rasa shi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Sil shi ne ƙofar da mai ya fito, ba lalle ne shi ne dalilin fitowar ba, kuma bakaniken da bai tambayi dalili ba ya ɗauki kuɗin aikin da bai gama ba.

Farkon aiki wanki ne. A wanke gwiwa da bayan birki da kananzir da buroshi har ƙarfe ya fito, a bar shi ya bushe, a barbaɗa masa garin alli ko toka mai laushi. Sa'an nan a yi 'yar tafiya, ana murza sitiyari har ƙarshe dama da hagun, a dawo a duba. Inda tokar ta soma jiƙewa daga sama, nan ne mafarin. Wannan yana da muhimmanci, domin mai ƙasa yake bi, iska kuma baya take kai shi, har mutum ya zargi gwiwa alhali daga inji ko akwatin sitiyari yake ɗigowa. A tuna Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a Afrilun 1972, saboda haka tsofaffin motocin da suka riga wannan shekara akwatin sitiyarinsu a dama yake, na baya kuwa a hagun. In gwiwar da ke ƙarƙashin akwatin ce kaɗai ta jiƙe, kuma jiƙon ya taso daga sama, a ɗaga kai tukuna kafin a kwance taya.

Bayan an san wurin, sai a san irin abin da ke fita, da ido da yatsa da hanci, ban da harshe, domin cikinsu akwai dafi. Man giya yana da wari mai ƙarfi irin na farar wuta, wanda ya taɓa shaƙarsa ba ya mancewa, yana da yauƙi kamar zuma mai ɗumi. Giris baƙi-baƙi ne, yana tsayawa bisa yatsa ba ya gudu. Man birki kuwa tsinkakke ne, ba shi da wancan wari, yana cin fenti, in an zuba masa ruwa sai su gauraya. Wanda ya sami wannan na ƙarshe a bayan taya, ya duba robar man birki ya ga ta ragu, ko direba ya ce birki ya yi laushi a ƙafa, to maganar gwiwa ta ƙare, kada motar ta motsa da lodi sai an gyara. Akwai kuma wani abu na huɗu wanda ya fi kowanne ba da labari, shi ne wani baƙin kunu, bai kai giris kauri ba, ya fi mai nauyi, yana kuma warin man giya.

Wannan kunu shi ne inda gwanintar bakanike ke bayyana. A tsakiyar aksul akwai tulu mai ɗauke da haƙoran da ke raba ƙarfi tsakanin taya biyu, cike da man giya. Tsakanin tulun da gwiwa akwai wani ƙaramin sil na ciki, wanda ido ba ya gani sai an zare sandar. In ya mutu, man tulu ya bi sanda ya shiga gwiwa, ya narkar da giris, ya cika ƙoƙon fiye da ƙima, sa'an nan ya nemi hanyar fita ta babban sil na waje. Mai kallo sai ya ɗora laifi bisa na waje, alhali ɓarnar daga ciki take. Gane wannan ba shi da wuya. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a kwance notin tulu, a sa yatsa: mai ya kamata ya kai bakin ramin. A kwance notin gwiwa kuma. In na tulu ya ragu, na gwiwa kuwa ya yi ambaliya ya bulbulo, to ɗaya ne ke shayar da ɗaya, sil na ciki ne. In na tulu yana nan daram, gwiwa ce ta yi ƙasa, to yoyon na waje ne. A Land Cruiser, duk ranar da giris ya soma ɗiga ƙasa kamar kunu, kusan kullum wannan ne dalili, kuma sake tsumman ulu kaɗai ɓarnar kuɗi ce. Hatsarin a nan biyu ne, gaɓar ta rasa girisinta, tulun kuma ya rasa mansa, kowanne cikinsu ya fi sil tsada nesa ba kusa ba.

Sa'an nan akwai wani ɗan abu bisa bayan aksul, bai fi kan yatsa ba, wanda mutanen bakin tafki ya kamata su fi kowa kula da shi. Shi ne hancin aksul, ta nan iska ke fita sa'ad da mai ya yi zafi. In laka ta toshe shi, iska ta kumbura a ciki ta rasa hanya, sai ta tura mai ta kowane sil, ko da sabo ne fil. Alamarsa ita ce gwiwa biyu su soma yoyo tare, ko yoyon ya tsananta bayan doguwar tafiya, kamar daga Kontagora ko Koko, ya lafa in mota ta kwana. In an kwance notin tulu da zafinsa aka ji iska ta yi huci, ba sauran shakka. Gyaransa wankewa ne da kananzir, aikin da yaron mota zai gama kafin shayi ya huce. Akasin wannan kuma yana aukuwa: motar da ta sha tafiya ta faɗa cikin rafi mai sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa. Man da ruwa ya shiga ya kan koma fari-fari kamar kindirmo, tilas a tsiyaye shi a zuba sabo. Masu dabara su kan sa wa hancin dogon tiyo su ɗaure bakinsa can sama kusa da inji, kamar yadda kamfanin Land Rover da kansa ya koma yi daga baya.

In hanci a buɗe yake, sil na ciki kuma lafiya, sai a juya ga ƙusoshin nan biyu. A ɗaga tayar da jak, amma a bakin tafki ƙasa ba ta da amana, a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashinsa, a tokare aksul da kututture, a sa duwatsu a tayoyin baya, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Mutum ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza. In ya ji tana ƙwas-ƙwas, ya sa wani ya taka birki ya riƙe, ya sake girgizawa. In motsin ya ɓace, boris ɗin taya ne ya saki. In yana nan, to ƙusoshin gwiwa ne. Ma'anar wannan ita ce ƙoƙon ya daina zama daidai tsakiyar ƙwallo, sil ya matse a gefe guda ya saki a ɗaya gefen. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Direba shi ma yana da shaida a nan in an tambaye shi, domin motar da gwiwarta ta saki, in ta faɗa rami da gudu, sitiyari ya kan kama rawa a hannu har sai an rage tafiya.

Ana daidaita ƙusoshin da waɗansu siraran faya-fayan ƙarfe, a cire ɗaya ƙoƙo ya ƙara tsauri, a ƙara ɗaya ya sassauta. Ba da ƙiyasi ake yi ba. Littafin kowace mota ya faɗi nauyin da ya kamata ya ja ƙoƙon, kuma abin awon ba baƙo ba ne ga ɗan kasuwa, sikelin rataye ne mai ƙugiya, irin wanda ake auna kaya da shi. A maƙala shi a hannun da sandar sitiyari ke kamawa, a ja a hankali, a karanta. Bakaniken da ya fito da sikeli a wannan aiki, a riƙe shi da kyau. A tsohuwar Land Rover ƙusar sama ba ta cikin mai, fantsamar da gaɓa ke yi sa'ad da take juyi ita ke jiƙa ta. Waɗanda suka sa wa motarsu makullin da ke sakin tayar gaba don tsimin fetur a kan kwalta, in suka bar shi a sake wata da watanni, ƙusar ta bushe ta cinye. Ya kamata a riƙa kulle shi lokaci-lokaci a yi 'yan kilomitoci. Saboda wannan ƙusa ne ma masana suka saɓa a kan zuba giris mai ruwa-ruwa a tsofaffin samfura: yana rage yoyo, gaskiya ne, amma ba ya fantsama kamar mai.

Daga ƙarshe sai ƙwallon kansa. A murza sitiyari har ƙarshe, a share shi, a bi shi da farce, musamman ta ƙasa da ta gaba inda tsakuwa ke dukansa. Laka in ta kwana a jikinsa tana riƙe danshi, tsatsa ta huda farin ruwan, ta bar ƙananan ramuka masu kaifin baki kamar zanzana. Kowace murzawa sai su yanki leɓen sil, yashi kuma ya ƙarasa. Sabon sil bisa irin wannan ƙwallo kwanansa ƙidayayye ne. In ramukan kaɗan ne, a kan kankare tsatsar, a cike su da gam mai haɗi biyu, a goge har ya yi sumul, wannan ya kan kai mutum ƙarshen kaka. In sun yi yawa, a Land Rover sai sabon ƙwallo. Sojojin Ingila sun kasance suna ɗaura wa nasu rigar fata don tsare shi daga tsakuwa, kuma baduku na Yelwa ba zai kasa ɗinka irinta ba, sai dai rigar da ta yage ta fi babu sharri, domin tana tara laka a ciki ta ɓoye ɓarnar. Abin da ya fi sauƙi shi ne bokitin ruwa bayan kowace fitowa daga taɓo, a wanke ƙwallo a shafa masa ɗan mai.

Akwai yoyon da ba ya bayyana a ƙwallo ko kaɗan, shi ne mafi hatsari. Mai ya kan bi ta cikin cibiyar taya, ya sami sil ɗin can ya gaji, ya zuba cikin gangar birki. Daga waje ba a ganin kome sai ɗan jiƙo a ƙasan farantin birki, ko zane-zanen mai da suka bazu a cikin taya kamar haƙarƙarin laima. Takalmin birkin da ya sha mai ba ya kamawa, saboda haka in an taka sai mota ta fizga zuwa gefen da ke da lafiya. A hanyar da babura da shanu da masu tallan nono ke bi, ga lodi har sama, ga mutane bisa lodin, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Al'adar wanke takalmin da fetur ko ƙona shi da wuta a mayar, ba ta da amfani, domin man ya riga ya shige cikinsa, da ya yi zafi zai sake tsattsafowa. A sake shi, kuma a sake na gefe biyun tare don birki ya kama daidai.

Mai sayen tsohuwar mota ya lura da gwiwar da aka wanke tas alhali sauran ƙarƙashin motar duk ƙura ne. Ya nemi a kwance noti a gabansa ya ga abin da ke ciki, ya nemi a sa giyar ƙafa huɗu a kewaya a fili da sitiyari a murɗe. In ya ji ƙas-ƙas-ƙas daga gaba, gaɓar ta riga ta yi tafiya babu mai, ya rage kuɗinta daga farashi tun kafin a sallama. Wanda motar ke hannunsa kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya: lokacin duba gwiwa shi ne kafin ruwan farko ya sauka, sa'an nan a sake dubawa bayan damina ta ɗauke, kafin lodin shinkafa da na albasa su kankama. Tsakanin haka, yaron mota ya riƙa shimfiɗa kwali a ƙarƙashin kowace tayar gaba da dare, da safe ya kawo wa maigida ya gani.